Yadda Ake Warware Lissafin Makaranta da Kalkuletar Kimiyya, Daga Firakshan Har Kwadiratik

Kalkuleta tana lissafa abin da yatsanka ya danna ne, ba abin da zuciyarka ke nufi ba. Ɗalibi zai fahimci tambaya sarai, ya tsara aikinsa daidai a takarda, ya zo wajen danne-danne ya manta baka ɗaya, wato alamar ( ), amsa ta fito a karkace, shi kuwa ya kwafe ta da cikakkiyar natsuwa don yana ganin na'ura ba ta ƙarya. Wannan asarar maki tana ci mini rai, domin ba rashin ilimi ke jawo ta ba, rashin sanin halin na'urar ne, kuma abu ne da ake iya gyarawa cikin 'yan kwanaki.

Zan yi bayanin ne a kan Casio fx-991ES Plus, domin ta yawaita a hannun 'yan sakandare. Mai riƙe da fx-82ES Plus zai iya bin kusan komai, sai dai tasa ba ta da sashen EQN da SOLVE na warware ikweshan, ba ta da maɓallin CALC, kuma lambobin MODE ɗinta sun bambanta. Mai tsohuwar fx-82MS ma yawancin ƙa'idojin sun shafe shi, sai dai maɓallan da yadda ake shigar da lissafi sun bambanta. Ka ɗauko taka ka riƙa dannawa muna tafiya. Karatu kawai ba tare da danna maɓalli ba ba ya zama a kai.

Ka fara da wanke ta

Kafin kowane zama na lissafi, musamman idan aron kalkuletar ka yi ko wani ya taɓa maka ita, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Danna SHIFT, sai 9, sai 3, sai =, sannan AC. Wannan yana goge duk wani saiti da lambobin da aka ajiye a ciki.

Daga nan ka dubi saman allon. Ya kamata ka ga ƙaramin harafin D, alamar cewa da digiri take auna kusurwa. Idan R ko G ka gani, wato da wani ma'aunin daban take auna kusurwa, danna SHIFT, MODE, 3. Ga gwajin da ba ya ɗaukar daƙiƙa biyar: danna sin 30 ka rufe baka ka danna =. Idan ta ba ka rabi, lafiya lau. Idan ka ga −0.988, a kan R take. Idan 0.454 ne, a kan G take. Duk tambayar kusurwa da ka amsa a wannan hali ta lalace, komai kyawun aikinka.

Saura abu ɗaya. Danna 1 ÷ 200, =, sannan maɓallin S⇔D. Za ka ga 5×10⁻³, wanda yake rikita ɗalibai har wani ya rubuta 5 kawai ya wuce. Idan kana son ta riƙa nuna 0.005 kai tsaye, danna SHIFT, MODE, 8, sai 2.

Baka, da abin da ake fara lissafawa

A nan zan daɗe, domin nan ne ramin da ya fi cin mutane.

Kalkuleta tana bin ƙa'idar BODMAS da aka koya mana tun ƙaramar sakandare: abin da ke cikin baka tukuna, sai fawa (irin ² da ³), sai rabawa da ninkawa, sannan tarawa da ɗebewa. A takarda kuwa, dogon layin firakshan yana yin aikin baka ba tare da an rubuta ta ba. Idan aka ɗora 18 + 6 a sama, 9 − 5 a ƙasa, kowa ya san 24 za a raba da 4 a sami 6. To amma ka danna 18 + 6 ÷ 9 − 5 a jere ka gani: 41/3, wato 13.67, za ta ba ka, don ita 6 kaɗai ta raba da 9. Ba ta yi laifi ba. Mafita biyu ce. Ko dai ka sa baka da kanka, (18 + 6) ÷ (9 − 5), ko ka yi amfani da maɓallin firakshan mai akwati biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ka danna shi, ka rubuta na sama, ka danna kibiyar ƙasa, ka rubuta na ƙasa, sannan ka danna kibiyar dama domin ka fito. Ni na fi son hanya ta biyu, saboda abin da ke allon yana kama da abin da ke takardarka, idan akwai kuskure ido zai kama shi.

Wannan fitowar da kibiyar dama kada ka raina ta. Danna alamar √, sai 16 + 9, sai =. Za ka sami 5, domin duka biyun suna ƙarƙashin alamar. Idan nufinka √16 ne sannan a ƙara 9, dole ka danna kibiyar dama bayan 16, amsa ta zama 13. Haka fawa take: 2 a fawa 3, a ƙara 1, amsarta 9 ce, amma idan ba ka sauko daga saman ba kafin ka danna + 1, ta zama 2 a fawa 4, wato 16. Su ma sin, cos, tan da log da kansu suke buɗe baka idan ka danna su, rufewar ce aikinka.

Sai lambobin da ke ƙasa da sifili. Akwai maɓallin ɗebewa, akwai kuma wani daban mai ɗan gajeren layi a cikin baka, wanda shi ne na nuna cewa lamba mainos ce. Ga abin lura: −3² a kalkuleta −9 ne, domin tana fara ninka 3 da kanta sannan ta manna alamar. Idan x = −3 ne kuma ana neman x², sai ka rubuta (−3)², ka sami 9. Ka mayar da wannan ɗabi'a: duk lokacin da za ka saka lamba mainos a gurbin harafi, ka kulle ta a baka, ko da kana ganin ba dole ba ne.

Akwai kuma wani hali na wannan na'urar da ba kowa ya sani ba. Idan ka danna 6 ÷ 2(1 + 2) ba tare da alamar × ba, 1 za ta ba ka, don tana ɗaukar 2(1 + 2) a matsayin dunƙule ɗaya. Idan ka danna 6 ÷ 2 × (1 + 2), sai ta ba ka 9. Ba sai ka shiga gardamar wanne ne daidai ba. Ka rubuta alamar × da bakarka a fili yadda babu sauran shakka a kan abin da kake nufi.

Maganin duk waɗannan shi ne kintace. Kafin ka danna =, ka yi ƙiyasi a ka. Idan tambaya ta ce 48.7 × 21.3, ka ce a ranka hamsin sau ashirin, wajen dubu ke nan. Na'ura ta ba ka 1037.31, ka karɓa. Ta ba ka 103.7 ko 10,373, ka san ɗigo ya zame maka.

Firakshan

A ɗauki 2⅓ + 1¾ − ⅚. Domin shigar da lamba mai cikakke da guntu, danna SHIFT sannan maɓallin firakshan, akwati uku za su fito. Rubuta 2, kibiyar dama, 1, kibiyar ƙasa, 3, kibiyar dama. Danna +, ka maimaita wa 1¾, sannan − da ⅚ ta maɓallin firakshan na yau da kullum. Amsa za ta fito 13/4. Danna SHIFT da S⇔D ta koma 3¼. Danna S⇔D shi kaɗai ta koma 3.25. Kada ka taɓa rubuta 2 sannan ka manna mata ⅓ da maɓallin akwati biyu, domin ba za ta karanta shi a matsayin biyu da sulusi ba.

Wannan maɓallin yana da wani amfani a ɓoye. Ana neman HCF da LCM na 84 da 126? Shigar da 84 a sama, 126 a ƙasa, danna =. Za ta rage shi zuwa 2/3. To da me aka raba 84 ta zama 2? Da 42, shi ne HCF. LCM kuwa sai ka ninka 84 da 3 na ƙasa, ka sami 252. Ka gwada da 126 × 2, amsar ɗaya ce.

Kashi cikin ɗari, riba da rabo

Shawarata ita ce ka rabu da maɓallin % gaba ɗaya. A wannan na'urar aikinsa kawai raba lamba da 100. Idan ka danna 36000 + 15% kana zaton za ta ƙara maka kashi 15 cikin ɗari na kuɗin, 36000.15 za ka gani. Ka koyi mayar da kashi zuwa abin ninkawa: ƙarin kashi 15 shi ne × 1.15, ragin kashi 15 shi ne × 0.85.

Ɗan kasuwa ya sayi buhun masara ₦36,000 ya sayar ₦41,400, ribar kashi nawa ya ci? Danna (41400 − 36000) ÷ 36000 × 100, ka sami 15. Da kuɗin saye ake rabawa, ba da na sayarwa ba.

Tambayar da ta fi kayar da ɗalibai ita ce ta komawa baya. An sayi kaya ₦21,500 har da harajin VAT na kashi 7.5, wanda shi ne adadin da Najeriya ta koma karɓa tun shekarar 2020. Nawa ne kuɗin kafin haraji? Da yawa sukan cire kashi 7.5 daga 21,500 su sami 19,887.50. Kuskure ne, domin ba a kan 21,500 aka ɗora harajin ba. Asalin kuɗin aka ninka da 1.075, don haka rabawa za ka yi: 21500 ÷ 1.075 = 20,000.

Idan abu yana ƙaruwa ko raguwa shekara bayan shekara, maɓallin Ans ne abokin aikinka, domin yana riƙe da amsar ƙarshe. Babur na ₦800,000 yana rage daraja da kashi 15 duk shekara. Danna 800000, =. Sai × 0.85, =, ka sami 680,000. Sake danna = kawai, 578,000. Sake dannawa, 491,300, darajarsa ke nan bayan shekara 3. A layi ɗaya kuma 800000 × 0.85³ ne, amma hanyar Ans tana ba ka adadin kowace shekara da za ka rubuta a aikinka.

Rabo ba shi da wuya. A raba ₦126,000 a kan 2:3:4. Jimlar kason 9 ce, 126000 ÷ 9 = 14,000, sai ka ninka da 2, da 3, da 4: 28,000, 42,000, 56,000. Ka tara su ka tabbatar sun koma 126,000.

Kada ka datse lamba a tsakiyar aiki

Idan amsar wani mataki ta fito 8.544003745, kada ka rubuta 8.5 ka ci gaba da ita. Ƙaramin bambancin yana girma yayin da ake ninkawa, har amsar ƙarshe ta kauce wa ta mai duba takarda. Ka ci gaba da Ans, ko ka ajiye lambar: danna SHIFT, RCL, sannan maɓallin da jan harafin A yake samansa. Duk lokacin da kake buƙatarta, ALPHA da wannan maɓallin za su dawo maka da ita cikakkiya. Sai a layin ƙarshe ake datsewa zuwa gurbin desimal ko muhimman lambobin da aka tambaya.

Ka kuma karanta tambaya game da π. Idan aka ce a ɗauke shi a matsayin 22/7, to 22/7 za ka shigar. Faɗin da'ira mai radiyos 14 da 22/7 yana ba da 616 cif, da maɓallin π kuwa 615.75. A tambayoyin zaɓi, wannan ya isa ya sa ka rasa amsarka a jerin.

Ga manyan lambobi da ƙanana akwai maɓallin ×10ˣ a layin ƙasa. A raba 3.2 × 10⁵ da 8 × 10⁻². Amsa 4 × 10⁶ ce. Wanda ya rubuta 10 da hannu ya ɗora mata fawa ba tare da baka ba, 400 zai samu, domin na'urar za ta raba da 8 sannan ta ninka da 10⁻². Ka sa kowace lamba a bakarta, ko da wane maɓalli ka yi amfani.

Saka lamba a gurbin harafi

Yanzu mun shigo aljebra. An ce a nemo darajar 3a² − 2ab + b idan a = −2, b = 5. Rubuta shi da haruffansa: 3, ALPHA A, x², −, 2, ALPHA A, ALPHA B, +, ALPHA B. Maimakon =, danna CALC. Za ta tambaye ka A, ka ba ta −2 ka danna =. Ta tambayi B, ka ba ta 5. Amsa 37. Daɗin wannan hanya shi ne ita da kanta take kula da alamar mainos, kuma kana iya sake danna CALC ka canza lambobin ba tare da sake rubuta komai ba.

Da CALC ne kuma ake binciken ko an sauƙaƙa aljebra daidai. A ce ka rage (x² − 9) bisa (x² + x − 6) ka sami (x − 3) bisa (x − 2), kana son tabbaci. Zaɓi wata lamba, a ce 7. Na farko ya ba da 40/50, wato 4/5. Na biyu ya ba da 4/5. Sun dace. Ka guji gwadawa da 0, 1 ko 2, domin waɗannan sukan sa amsoshi mabambanta su yi kama da juna: 2 + 2, da 2 × 2, da 2², duk 4 ne. Harafin X yana saman maɓallin rufe baka, ana kiransa da ALPHA.

Ikweshan mai harafi ɗaya

A warware (x + 1)/3 − (x − 2)/4 = 2. Rubuta ɓangaren hagu da maɓallin firakshan. Alamar daidai da ke tsakiyar ikweshan ba ita ce ta ƙasan na'ura ba, wata ja ce da ake samu ta ALPHA da CALC. Bayan ta sai ka rubuta 2. Yanzu danna SHIFT da CALC, wato SOLVE. Za ta nuna maka wata lamba a ƙasa. Wannan ba amsa ba ce, tsohuwar darajar X ce da za ta fara laluben daga kanta, kuma ɗalibai da dama a nan suke tsayawa su kwafe ta. Danna = ka ɗan jira. Sai ta nuna X = 14, a ƙarƙashinsa kuma L−R = 0, ma'ana hagu da dama sun yi daidai.

SOLVE lalube take yi ta hanyar Newton, tana matsowa kusa da amsa daga inda aka fara. Saboda haka amsa ɗaya tak take bayarwa ko da ikweshan yana da biyu. Gwada x² − 3x − 10 = 0. Idan ka ba ta 10 ta fara da shi, 5 za ta kawo. Idan ka ba ta −10, sai ta kawo −2. Don haka ba da ita ake kwadiratik ba. Inda take da amfani shi ne ikweshan mai x ɗaya a miƙe, da irin wanda x yake a fawa, kamar 3 a fawa (x + 1) = 81, inda za ta ba ka 3.

Kwadiratik

Danna MODE, 5, wato EQN, sai 3. Gurbi uku za su fito: a, b, c. A ɗauki 2x² − 5x − 3 = 0. Shigar da 2, =, −5, =, −3, =, sannan ka sake danna =. X₁ = 3. Sake dannawa, X₂ = −1/2.

Sharaɗin shi ne ka fara kwaso komai zuwa gefe ɗaya, sifili ya rage a ɗayan. Idan aka ba ka x² = 3x + 10, sai ka mayar da shi x² − 3x − 10 = 0, ka shigar da 1, −3, −10. Idan wani sashe babu shi, kamar 4x² − 9 = 0, gurbin b sifili ne: 4, 0, −9, amsa 3/2 da −3/2. Idan ka ga ƙaramin harafin i a jikin amsa, ikweshan ba shi da amsa a cikin lambobin da aka saba. A matakin sakandare wannan galibi yana nufin ka juya wata alama wajen shigarwa, sai ka koma ka duba.

Daga amsoshin kana iya gano faktoci. X = 3 yana nufin (x − 3). X = −1/2 yana nufin 2x = −1, wato (2x + 1). Ka buɗe (x − 3)(2x + 1) da hannu ka ga ko ya koma 2x² − 5x − 3.

To amma ga magana mai muhimmanci. A takardar rubutu ta WAEC da NECO, ana ba da maki a kan hanya, ana ba da wani a kan amsa. Wanda ya rubuta x = 3 ko −1/2 kawai, babu aiki, ya zubar da makin hanya, kuma makin amsar ma yakan rataya ne a kan hanyar. Don haka ka yi aikin da hannu, na'ura ta zama mai duba maka. Ga yadda ake haɗa su a 3x² − 7x − 2 = 0, a ba da amsa zuwa gurbin desimal 2. Rubuta fomula a takarda. Saka a = 3, b = −7, c = −2. Lissafa abin da ke ƙarƙashin √ shi kaɗai: (−7)² − 4 × 3 × (−2) = 73. Rubuta x = (7 ± √73)/6. Sannan ka danna (7 + √73) ÷ 6, =, sai S⇔D, ka sami 2.59, ka koma da kibiyar hagu ka canza + zuwa −, ka sami −0.26. A ƙarshe ka shiga MODE 5, 3 ka tabbatar. Idan ta nuna amsa da alamar √ a ciki, S⇔D zai mayar da ita desimal. Kowane layi a nan maki ne, kuma ka fita da tabbacin amsarka.

Idan ka gama, danna MODE, 1 ka koma lissafin yau da kullum. AC ba ya fitar da kai daga EQN.

Ikweshan biyu masu tafiya tare

Littafi 3 da biro 2 sun kama ₦1,300. Littafi 5 da biro 4 sun kama ₦2,300. Nawa ne kowanne? Aikin da na'ura ba za ta taɓa yi maka ba shi ne mayar da wannan zance zuwa 3x + 2y = 1300 da 5x + 4y = 2300. Bayan ka yi wannan, danna MODE, 5, 1. Layin farko 3, 2, 1300. Layi na biyu 5, 4, 2300. X = 300, Y = 200.

Lura da bambanci: a nan lambar da ba ta da harafi tana zama a dama ne, ba kamar kwadiratik ba. Kuma x ne farko, y na biye, a duka layukan. Idan aka ba ka y = 2x − 1 da 3x + y = 14, na farkon sai ya koma −2x + y = −1. Ka shigar da −2, 1, −1, sannan 3, 1, 14, ka sami x = 3, y = 5. Harafin da ba shi da lamba a gabansa, 1 ne, ba sifili ba. Mai haruffa uku yana MODE, 5, 2.

Teburin giraf

Tambayar giraf takan fara da cike tebur, kuma kuskure ɗaya a teburin yana karkatar da zanen duka. A ce y = 2x² − 3x − 5, daga x = −2 zuwa 4. Danna MODE, 7. Rubuta 2X² − 3X − 5, danna =. Ta tambayi mafari, ba ta −2. Ta tambayi ƙarshe, 4. Ta tambayi tazara, 1. Tebur zai fito: 9, 0, −5, −6, −3, 4, 15. Ka sauka da kibiya kana kwafewa. Idan giraf na sin ko cos ne, tazarar takan zama 30, kuma ka sake duban D ɗin nan a sama.

Log, matsakaici da sa'o'i

Maɓallin log na gindin 10 ne. Mai akwati biyu kuma na kowane gindi ne, misali log na 32 a gindin 2, wanda ya ba da 5. Ga mai amfani da teburin log na lamba huɗu, kada ya ruɗe idan na'ura ta ce log 0.05 = −1.3010 alhali tebur ya ba shi 2 mai layi a ka da .6990. Abu ɗaya ne: −2 + 0.6990 = −1.3010. Idan tambaya ta ce a yi amfani da tebur, da tebur za a yi.

Matsakaicin 12, 15, 15, 18, 20: danna MODE, 3, 1, ka shigar da lambobin kana danna = bayan kowace. Danna AC, lambobin ba za su ɓace ba. Sai SHIFT, 1, 4, 2, =, ka sami 16. Domin ma'aunin bazuwar lambobin daga matsakaici, SHIFT, 1, 4, 3, =, ka sami 2.76. Na 3 ɗin, mai alamar σx, shi ne wanda ya dace da fomular sakandare da ake rabawa da n. Na 4 zai ba ka 3.08, wannan da n − 1 yake rabawa.

Maɓallin digiri da minti yana lissafa lokaci ma. Tafiyar awa 2 da minti 45, a ƙara awa 1 da minti 50: danna 2, maɓallin, 45, maɓallin, +, 1, maɓallin, 50, maɓallin, =. Za ta nuna 4°35', awa 4 da minti 35. Wanda ya rubuta 2.45 + 1.50 ya ɗauka awa minti ɗari ce.

Idan ta ƙi

Syntax ERROR yana nufin rubutun ne bai tsaru ba, kamar alamar × biyu a jere ko baka da aka rufe ba a buɗe ba. Math ERROR yana nufin ka nemi abin da ba ya yiwuwa: rabawa da sifili, √ na lamba mainos, log na sifili, ko tan 90. A duka biyun kada ka yi saurin danna AC. Danna kibiyar hagu, za ta kai ka daidai inda matsalar take, ka gyara da DEL. Idan SOLVE ta ce Can't Solve, ka sake ba ta wata lambar farawa, ka kuma duba ko ka rubuta ikweshan daidai.

Game da zauren jarrabawa, WAEC da NECO kalkuletar da ba a iya shirya mata manhaja suke yarda da ita, don haka tun kafin ranar ka nuna wa malamin lissafinku taka ya tabbatar maka an amince da irinta. Idan ya zama wata za ka shiga da ita, ka samo ta da wuri hannunka ya saba, domin ranar jarrabawa ba ranar neman inda maɓallin firakshan yake ba ce. JAMB kuwa ba a shiga da kalkuleta sam, wata 'yar ƙarama ce a kan allon kwamfuta, ba ta da EQN balle SOLVE. Mai shirin JAMB dole ya iya faktoci, da fomular kwadiratik, da jadawalin sau a ka, ya kuma haddace sin, cos da tan na 30, 45 da 60. Saboda wannan ne nake ganin bai dace a damƙa wa ɗan ƙaramar sakandare fx-991 ba tun bai iya tara firakshan da hannu ba.

Jabun Casio sun cika kasuwa. Idan za ka saya, ka gwada ta a gaban mai shago: sin 30, sai kwadiratik ɗin nan na 2, −5, −3, sai teburin giraf, ka kuma danna kowane maɓalli ka ga yana amsawa. Ita fx-991ES Plus tana aiki da hasken rana da ƙaramin batir LR44. Idan rubutun allon ya fara dusashewa a ɗaki mai ƙarancin haske, batirin ne ya yi sanyi, ka canza shi kafin makon jarrabawa, sannan ka sake danna SHIFT, 9, 3, =, AC.